Ƙafar Aro

Duk wanda ya ce da hannu ake ɗinki bai taɓa zama a ƙarƙashin keken innarmu ba. Ni na zauna, tun ina rarrafe har kaina ya fara bugun katako, kuma na ga wadda ke yin aikin. Hannu yana can sama yana rakiyar yadi yana karɓar yabo, ƙafar dama kuwa tana ƙasa a kan feda: diddige ya sauka yatsu su tashi, yatsu su sauka diddige ya tashi. Idan miƙaƙƙen layi ne, Inna takan saki keken ya yi ta gudu har kofunan da ke kan kantar falo su ɗauki rawa. Idan aka zo wuyan riga ko kwanar aljihu sai ta koma ba shi taku ɗai-ɗai, allura ta shiga ta fito a natse. Saboda wannan takun ne mata ke hawo benenmu da yadinsu, su wuce teloli da yawa a kan titi.

Abin dariyar, ƙafar nan karkatacciya ce. Tun kafin a haife mu Inna ta zame a kan jiƙaƙƙiyar matattakala, idon sawunta na dama ya karye. Aka ɗaure, ya warke, amma ya warke a karkace, ta yadda take takawa da gefen tafin. Kowane takalminta na dama gefe ɗaya yake cinyewa, na hagu kuwa yana nan kamar sabo. Ba ta taɓa jin kunyar abin ba. Takan ce, "Karkatacciya ce, amma ita ta san hanya. Ta hagun nan kyau kawai gare ta."

Baba kuwa ma'aikacin gidan ruwa ne, mai bi gida-gida yana karanta mita. Allah ya ba shi ƙafa ya hana shi hannu. Zai zagaye rabin gari bai yi haki ba, amma idan ka ga ya ɗauki guduma, to ka nemo bandeji. Sau ɗaya ya ce zai taimaka ya ɗiga wa keken mai, ya ɗige shi a kan farin yadin wata mata. Daga ranar Inna ta kafa masa doka: tsakaninsa da keke sai kallo. Idan suka fita unguwa tare, yana can gaba, ita tana baya tana ɗingishi, sai ka ji ta ɗaga murya: "Malam, wai ni ka aura ko titin?" Ya tsaya yana murmushi har ta cim masa, su yi 'yan taku tare, ya sake mantawa.

A haka muka tashi, ni da Yaya, a ɗaki biyu da falo, keke a gindin tagar da ke kallon titi, ƙyallaye a ko'ina, zare a gashinmu da cikin kwanon abincinmu. Ina kewar hayaniyar gidan nan har yau, ba kaɗan ba.

Ciwon bai zo da sallama ba. Na yi aure, Yaya ya kama aiki, Baba ya yi ritaya, sai muka fara lura da roba ta ruwan ɗumi da ba ta barin gindin keke. Da yamma idon sawun ya kumbura ya yi suntum, da safe kuwa sai ta dafa bango kafin ta kai bakin ƙofa. Ta daina sauka ƙasa. Zare ma Baba take aika, shi kuma ya dawo da abin da idonsa ya nuna masa.

"Malam, ruwan ƙasa na ce maka. Wannan ai ruwan toka ne."

"To, ƙasa da toka ai duk a ƙasa suke."

Yaya, da yake mai son gyara ne, ya sayo ɗan injin lantarkin nan da ake maƙala wa keke, ya zauna ya ɗaura shi yana ta washe baki. Inna ta gwada a kan ƙyalle. Tana taɓawa injin ya zabura, ya cinye ƙyallen tun ba ta gyara zama ba. Ta sake gwadawa a hankali, ya yi gurnani, ya yi gurnani, sannan ya sake zabura.

"Cire mini," in ji ta. "Wannan ba ya jin magana. Shi gudu ya sani ko tsayawa, ni kuma aikina a tsakaninsu yake."

Injin ya ƙare a matsayin abin tokare ƙofa, kuma ya yi aikin da kyau.

Da ƙyar muka ja ta zuwa asibitin ƙashi. Muka zauna a dogon benci cikin masu filasta da masu sanduna, Inna tana bin rigunan mutane da ido tana gaya mini a kunne wadda aka ɓata wa kafaɗa. Likitan da ya gan mu bai kai Yaya a shekaru ba, abin da ya sa tun daga bakin ƙofa ta fara ce masa ɗan nan. Bai fara da ƙafar ba. Takalminta ya ɗauka ya juya, ya daɗe yana duban inda ya cinye. Sannan ya sa ta yi tafiya ba takalmi a baranda, ta je ta dawo, shi yana tsugune yana kallonta ta baya. Da ta zauna ya ɗora ƙafar a gwiwarsa, ya danna nan ya danna can, ya riƙe diddigen ya lanƙwasa sama da ƙasa. Har daga inda nake na ji wani ɗan ƙara, kamar ana murza tsakuwa. Inna ta cije leɓe.

Aka ɗauki hoto tana tsaye a kan ƙafar. Ya maƙala shi a jikin fitila, ya sa na ƙafar hagu, da aka ɗauka don kwatance, a gefe.

"Mama, kin ga wannan ɗan filin da ke tsakanin ƙashin ƙwauri da na ƙasa a ƙafar hagu? Guringuntsi ne a wurin, shi ke sa gaɓa ta yi motsi ba ciwo. To dubi ta dama. Tunda karayar ta warke a karkace, nauyinki gefe ɗaya yake sauka shekara da shekaru, har ya cinye. Yanzu ƙashi ne ke gugar ƙashi."

"Kamar takalmin," in ji Inna.

"Kamar takalmin."

Ya ce akwai gaɓar roba da ƙarfe da ake sa wa wasu, amma ƙashinta ya karkace da yawa, ba za ta zauna ba. Abin da zai yi mata shi ne ya buɗe, ya kankare ragowar guringuntsin, ya miƙar da ƙafar ta tsaya daidai, ya ɗaure ƙasusuwan biyu da kusoshi har su haɗe su zama guda. Inda babu motsi babu guga, inda babu guga babu ciwo. Za ta yi tafiya, za ta hau bene.

Yaya ya ce alhamdu lillahi. Ni ma na ce. Inna ce kaɗai ba ta ce ba. Ta jawo wani littafi mai kauri daga kan teburin, ta ajiye a ƙasa, ta ɗora ƙafar a gefensa, ta fara yi masa feda a hankali duk da azabar da ke fuskarta.

"Wannan fa, ɗan nan? Zan iya?"

Na ga ya so ya ce wataƙila, don bakinsa har ya ɗauko kalmar. Allah ya yi masa albarka, bai faɗa ba.

"A'a, Mama. Ƙananan gaɓoɓin tafin ƙafa za su ba ki ɗan motsi, ya ishi tafiya. Amma wannan da kike yi, daga gaɓar da zan rufe yake fitowa."

Ta sa takalminta. "To mun gode. A bar mini kayata."

A mota Yaya ya yi ta faɗa, ni ma na taya shi, muna lissafa mata abin da za ta samu: kasuwa, gidajen 'yan uwa, zuwa ganin jikokinta. Ta bar mu muka gama, sannan ta ce, "Ku kuna maganar inda zan je. Ni ina tambaya, idan na je, a matsayin wa?" Baba yana gaba kusa da direba, bai juyo ba.

Kafin mu baro asibitin dai, likitan ya ba ta takalmin roba mai tauri da ke riƙe idon sawu, ya yi mata allura a cikin gaɓar. Aka samu sauƙi na ɗan lokaci, sannan ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Takalmin ma ba ta sa shi sai ta ji takunmu a matattakala, don yana hana ta feda.

Wata rana na zo da hantsi na tarar da keke shiru, rigar wata yarinya a kansa, allura tsaye a tsakiyar layi. Wanda ya san Inna ya san ba ta tashi ta bar allura cikin yadi, ko da tukunya na ƙonewa. Tana zaune a ƙasa ta jingina da bango, gumi ya jiƙa mata ɗankwali, Baba na tsaye a kanta da robar ruwa ya rasa inda zai ajiye.

"Ƙafar ta ƙi," in ji ta. "Na ce mata mu kai ƙarshen layin nan kawai, ta ƙi. Ku kai ni wurin yaron nan ya ɗinke ta."

Ranar da aka yi aikin mun wuni a baranda, Baba yana ta kai da komo kamar an ba shi mitocin asibitin ya karanta. Aka fito da ita da ƙafa a naɗe, an ɗora a kan matashi. Likitan ya nuna mana sabon hoto: ƙafa a miƙe, kusoshi sun ratsa sun gicciye. Da aka zo cire zare, Inna ta sa aka ba ta tabaranta ta duba ɗinkin da ke fatarta daga farko har ƙarshe.

"Ba laifi, ɗan nan. Hannunka da tsabta. Wa ya koya maka?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki, wata nas da ke wurin ma ta taya shi.

Sai aka shiga zaman filasta, makonni ba taka ƙasa, sannan sanduna, sannan takalmi mai tudu a ƙasa. Duk bayan ɗan lokaci a koma a ɗauki hoto a ga ko ƙashin ya kama. Ya kama kuwa. Ranar da ta sauka matattakalarmu da ƙafarta, ba dafa bango, ba cije leɓe, ta taka har bakin titi ta dawo, na yi kuka a gaban mai shagon ƙasa ban damu ba. Gaskiyar likita ce, ciwo ya tafi kamar an ɗauke shi da hannu.

Bayan kwana biyu ta yaye zanen da ke kan keke. Ina nan. Ta goge shi, ta ɗiga mai, ta zura zare, ta ɗora ƙafar dama a feda, ta juya wilin da hannu. Ƙafar ta tsaya ƙiƙam kamar ta wani. Ta tura da gwiwa, feda ta sauka ta ƙi dawowa. Ta sauke ta, ta ɗora ta hagu. Ita kuma mai kyaun nan ba ta taɓa koyon komai ba: ta yi taku biyu, wili ya juya da baya, zare ya cukuikuye a ƙoshiyar da ke ƙarƙashin allura ya tsinke. Ta warware, ta sake. Ta yi kwanaki tana sakewa. Miƙaƙƙen layi ya fara samuwa, amma gwiwar hagun, wadda ta yi shekaru tana ɗaukar nauyin 'yar uwarta, ta kumbura ita ma, kuma da an zo kwana sai keken ya kufce. Ta ɗaga wani wuyan riga da ta yi ta duba a hasken taga, ta ɗauki reza ta farke shi tas, ta ninke yadin, ta aika wa mai shi da ban haƙuri. Sannan ta mayar da zanen.

Abin da ya biyo baya shi ya fi tsorata ni. Inna ta zama mai haƙuri. Ka kawo mata shayi ba sukari ta ce an gode. Baba ya bar ƙofa a buɗe ta tashi ta rufe da kanta. Na sa wata riga da na saya a kanti, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya, na yi ta gilmawa a gabanta da gangan, ta ce, "Ta yi miki kyau." Na shiga banɗaki na share hawaye. Tana tafiya ko'ina yanzu, gidan suna, gidan gaisuwa, ta zauna ta yi shiru ta dawo. Mun samo mata ƙafa mun rasa ita kanta.

Baba ne ya gaji. Wata safiya ina gidan, sai ga shi ya fito daga ɗaki da wandonsa a hannu, ƙafar wandon a farke tun daga gwiwa. Ya ce ƙusa ce ta kama shi. Ban taɓa ganin ƙusar da ke bin layin ɗinki tiryan-tiryan haka ba.

"Kai wa telan bakin titi," in ji Inna.

"Ina da tela a gida zan kai wa wani?"

Ya janye kujerarta daga gaban keke, ya jawo bencin baranda ya ajiye a wurin, ya yaye zanen, ya zauna a gefen dama ya cire takalmi.

"Zo ki zauna. Ba ƙafa ce babu ba? Ga tawa. Tunda na bar aiki zaman banza take yi."

Ta daɗe tana kallonsa. "Malam, kai da keke ai akwai doka."

"Hannuna aka sa wa doka. Ƙafata ba ta yi laifin komai ba."

Ban san ko dariya ce ta so kufce mata ba, amma ta tashi. Ta zauna a hagunsa daidai allura, kafaɗa na gugar kafaɗa, ta miƙe ƙafarta gefe, shi ya zura tasa ya ɗora a feda. Ta saita wandon, ta miƙa hannu ta gabansa ta juya wili. Baba ya taka kamar wanda kare ya biyo.

"Kai! Kai! Tsaya! Wa ya ce maka tsere ake? Ka ga abin da ka yi?"

"Ai na ce ko a gama da wuri."

"A gama da wuri a gidan wa? Cire hannunka daga wilin nan! Diddige, sannan yatsu. A hankali. Na ce a hankali, ba ka mutu ba!"

Ina kicin ina jin su, na rasa abin da zan yi da farin ciki, sai na hau wanke kwanukan da na riga na wanke. Wandon nan an farke shi an mayar ya fi a ƙirga, kuma bai ƙara sawuwa ba.

Mutumin da ya yi rayuwarsa yana gaba ana kiransa, sai ga shi da furfura yana koyon tafiya da takun matarsa. Da farko da baki take tuƙa shi: taka, rage, ɗai-ɗai, tsaya. Daga baya ta koma dungurinsa da gwiwar hannu. A ƙarshe ko wannan ba ta yi. Ya ce a kafaɗarta yake ji. Idan aka doso kwana kafaɗar takan ɗan ɗaure, sai ya rage, ya ba da taku ɗaya, ya ba da na biyu, ya tsaya cak da allura a ƙasa. Ta ɗaga, ta juya yadin, ta sauke, kafaɗar ta saki, ya ci gaba. Mata suka dawo hawa benenmu. Suna tsokanarsa, suna ce masa injin Inna, shi kuma ya ce shi ne injin da ba ya jiran a kawo wuta. Duk da haka ba ta taɓa barinsa ya taɓa yadi ba, kuma ko sau ɗaya ban ji ta yaba masa a gabansa ba. Ni ta gaya wa, muna shanya: "Uban nan naki, ashe yana da kunne."

Da suka koma ganin likita ya duba hoto ya ce ƙashi ya zama guda. Sannan ya tambaya a hankali, kamar mai tsoron amsa, ko ta saba da rashin keken.

"Wane rashi? Ina ɗinkina."

"Da wace ƙafar, Mama?"

"Ta aro," in ji ta, ta nuna Baba da haɓa. "Tsohuwa ce, amma tana jin magana."

Sun yi shekaru masu daɗi a bencin nan, har jikokinsu suka ɗauka haka kowa ke ɗinki, mutum biyu a keke ɗaya. Rasuwarta ba ta da alaƙa da ƙafa: zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, ta tafi da ƙafarta lafiya lau.

Bayan an watse daga zaman makoki, na riƙa zuwa da rana ina zama da Baba. Ya ƙi komawa gidan Yaya, ya ƙi nawa. Wata rana muna falo, yana kan kujera da kofin shayi, ina ba shi labarin makarantar yara, sai na lura ƙafarsa na aiki a kan tabarma: diddige, yatsu, diddige, yatsu. Bai ma san yana yi ba. Na ci gaba da magana ina satar kallo. Can sai ƙafar ta rage, ta ba da taku ɗaya, ta ba da na biyu, ta tsaya cak, yatsu a ƙasa. Shi ma ya tsaya, kofi a hannu, kansa ya ɗan karkata hagu.

Na jira. 

"Baba, lafiya?"

"Ɗan dakata," in ji shi, bai dube ni ba. "Tana juya yadi."